Ciwon Ido A Jikin Hawainiya: Abin Da Ke Jawo Shi Da Yadda Ake Jinyarsa

Hawainiya dabba ce da rayuwarta kacokan ta rataya a kan idanunta. Ba ta da gudu, ba ta da dafi, jinta kuma mai rauni ne, domin ba ta da kafar kunne a waje. Da ido take hango fara, da ido take auna nisan da za ta harba harshenta, da shi kuma take gano shaho ko maciji tun kafin ya iso gare ta. Saboda haka idan idon ya kamu da ciwo, yunwa da ƙishirwa ne ke biyo baya, sannan mutuwa, matuƙar ba a kai mata ɗauki ba.

A ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara da ke arewacin Jihar Kaduna, hawainiya ba baƙuwa ba ce. Ana cin karo da ita a shingen gona, da cikin rama, da gefen gonakin rake da lambunan tumatir da barkono, musamman da damina. Yawancin mutane gudunta suke yi ko su jefe ta, amma akan sami yara da matasa da ke kama ta su ajiye a kwali ko keji don sha'awa. Wadda aka tsare ɗin ce ta fi fuskantar ciwon ido, kuma galibi yanayin tsarewar ne sanadi.

Nau'o'in da ake samu

Masana sun ƙididdige nau'in hawainiya sama da 200 a duniya, kuma kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. A yankin ciyayi na Afirka ta Yamma, wanda ƙasar Zazzau ke cikinsa, uku ne suka fi shahara: hawainiyar Sahel, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, da hawainiyar Senegal, wato Chamaeleo senegalensis, sai siririyar hawainiya, Chamaeleo gracilis. Dukkansu ƙwari suke ci, a kan rassa suke zaune, da rana suke farauta, kuma kowace ita kaɗai take rayuwa in ban da lokacin barbara.

Yadda idon yake aiki

Fatar idon hawainiya ta sama da ta ƙasa haɗe suke, sun lulluɓe ƙwayar idon kamar mazurari, sun bar 'yar kafa ɗaya a tsakiya. Kowane ido yana juyawa da kansa, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya, ta yadda takan ga kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta motsa kai ba. Idan ta hango abinci sai ta maido da su biyun a kansa, ta harba harshe wanda tsawonsa kan kai na jikinta ko ya zarce.

Binciken Lindesay Harkness da mujallar Nature ta wallafa a 1977 ya nuna cewa hawainiya tana gane nisa ne ta hanyar daidaita ganin kowane ido. An sanya wa hawainiyoyi ƙananan tabarau, sai aka ga harshensu yana gazawa ko yana wuce abincin gwargwadon ƙarfin gilashin. A 1995 kuma Matthias Ott da Frank Schaeffel na Jamus suka bayyana cewa ginin idon yana ƙara girman hoton abin da take kallo, kamar yadda madubin kyamarar hangen nesa ke yi. Darasin da mai jinya zai ɗauka a nan shi ne, 'yar gurɓacewa kaɗan a ido ta isa ta sa harshe ya riƙa kuskure, hawainiya ta wuni ba ta ci komai ba alhali ƙwari na gabanta.

Alamomin da ake lura da su

Lafiyayyar hawainiya ba ta barci da rana. Idan aka ga ta rufe ido ɗaya ko biyu da rana tsaka na tsawon lokaci, wannan ita ce alama ta farko kuma mafi muhimmanci. Sauran sun haɗa da kumburin fatar ido, da kwantsa ko mugunya da ke toshe kafar, da yawan goga ido a jikin reshe, da fari-fari a kan ƙwayar ido, da faɗawar ido cikin rami. Akan kuma ga ta harba harshe ta kuskure sau da yawa, ko ta yi duhu ta sauko ƙasa ta kwanta.

Akwai ɗabi'a guda da bai kamata a ɗauke ta a matsayin ciwo ba. Hawainiya takan bultso ido waje, ta juya shi a cikin fatarsa na ɗan lokaci, sannan ta mayar. Wankin ido ne take yi, kuma ta fi yin sa idan ruwa na sauka a kanta. Abin damuwa shi ne idan kumburin ya zauna bai koma ba.

Ido ɗaya kaɗai ya fi nuni da rauni ko wani abu da ya faɗa ciki. Idanu biyu a tare sun fi nuni da matsalar da ta shafi jiki duka.

Abubuwan da ke jawo ciwon

Na farko shi ne ƙura da tarkace. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan busar da komai a arewacin Kaduna, ta cika sarari da hazo. Hawainiyar da ke cikin kwali ba ta samun raɓa ko yayyafin da za ta wanke ido da shi, don haka yashi ko guntun saɓar jikinta kan maƙale a cikin fatar idon.

Na biyu shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Hawainiya ba ta saba shan ruwa a kwano ba. Ɗigon da ke kan ganye take lasa. Mai ita zai iya ajiye mata ruwa kullum, ita kuwa tana fama da ƙishirwa. Faɗawar idanu na daga cikin manyan alamomin wannan hali, kamar yadda yake alamar rama da doguwar rashin lafiya.

Na uku shi ne ƙarancin sinadarin bitamin A. A daji tana cin ƙwari iri-iri da suka ƙoshi da ganyaye daban-daban. A keji sau da yawa abinci iri ɗaya ake ba ta. Rashin wannan sinadari yana sa fatar cikin ido da hanyoyin hawaye su yi kauri su toshe, ido ya kumbura, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama.

Na huɗu shi ne ƙwayoyin cuta, waɗanda kan shiga bayan rauni, ko su taso daga ciwon baki da hanci da huhu. Idan ciwon ido ya zo tare da buɗe baki wajen numfashi ko yauƙi a baki, lamarin ya wuce na ido kaɗai.

Na biyar shi ne guba. Ƙaron tumfafiya da na aguwa da na tinya suna ƙona ido, na mutum da na dabba, don haka rassansu ba su dace da keji ba. Haka nan ƙwarin da aka kamo daga lambun da aka yi wa feshi suna ɗauke da maganin a jikinsu. Wannan abin kula ne ƙwarai a yankin da noman rani ya yi ƙarfi kamar Kudan da Hunkuyi. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta a rufaffen ɗaki su ma suna cutar da ita.

Akwai kuma tsutsotsin jinsin Foleyella da sauro ke yaɗawa, waɗanda ke zama ƙarƙashin fatar hawainiyar daji. Fitilar da ta yi kusa ko ta yi ƙarfi fiye da kima ita ma tana ƙona saman ido. Macen da ke ɗauke da ƙwai kuwa, idan ba ta sami ƙasa mai laushi da za ta haƙa ta saka su ba, takan raunana har ta rufe idanu.

Taimakon farko a gida

Matakin farko shi ne a rage mata tashin hankali. A ware ta ita kaɗai a wuri mai iska, nesa da kyanwa da kaji da hayaniyar yara, a kuma daina ɗaukarta sai da dalili. A sa mata rassa masu ganye na itacen da ba shi da ƙaro mai guba, wanda ba a yi wa feshi ba, a saukar da su ƙasa-ƙasa, domin wadda ba ta gani sosai takan faɗo.

Sannan a fesa ruwa mai tsafta, wanda ba sanyi ba zafi, a kan ganyen da ke kewaye da ita na 'yan mintuna, sau biyu ko uku a rana. Kada a saita feshin kai tsaye cikin idon. Gora mai 'yar huda da ke ɗiga a kan ganye tana ba ta damar sha a duk lokacin da ta so. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ta wanke idon da kanta.

Idan akwai kwantsa, ana iya ɗiga ruwan gishirin asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100, wanda ake samu a kantin magani, da sabon sirinji da aka cire wa allura. Ɗigo kaɗan a kan kafar idon ya wadatar. Ba a buɗe fatar da ƙarfi, ba a kuma cusa tsinke ko auduga.

Hasken rana na safe yana da amfani, domin da shi jikinta ke haɗa bitamin D da take buƙata don ƙarfin ƙashi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Sai dai dole rabin kejin ya kasance a inuwa, domin zafin rana a rufaffen wuri, musamman a watannin Maris da Afrilu, yana iya kashe ta cikin ɗan lokaci.

Abubuwan da ake gujewa

Tozali da man zafi da ruwan lemon tsami da ruwan gishirin da aka haɗa a gida ba su da gurbi a idon hawainiya. Haka ma ragowar maganin ɗigon ido na mutane, musamman mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda kan ƙara zurfafa gyambon da ke saman ido. Bitamin A kuwa, yawansa guba ne kamar yadda ƙarancinsa cuta ne, kuma dabbar da nauyinta bai wuce 'yan gram ba, ɗigo guda na iya yi mata yawa.

Maganin tsutsa na Ivermectin da makiyaya suka saba yi wa tumaki da shanu shi ma haɗari ne. A 2001 wasu likitocin dabbobi a ƙasar Hungary sun wallafa rahoton wata hawainiyar Senegal mai ɗauke da tsutsar Foleyella, wadda jikinta ya saki na tsawon kwanaki bayan an yi mata allurarsa.

Lokacin zuwa wurin likita

Idan kwana biyu suka wuce ido bai buɗe ba, ko aka ga mugunya ko jini ko kumburi mai tauri, ko ta daina ci gaba ɗaya, to aikin ya zama na likitan dabbobi. Mazauna Kudan da Maƙarfi da Ikara suna kusa da Zariya, inda Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yake a Samaru. Likita kan sa wani rini na musamman don gano ƙujewa a saman ido, ya wanke cikin fatar, ya duba jini da kashi don neman tsutsa, sannan ya auna magani daidai da nauyinta. Mugunyar dabbobi masu jan ciki tana daskarewa kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, don haka wani lokaci sai an tsaga an fitar da ita.

A kai ta cikin kwali mai huji da reshe guda a ciki, a rufe shi daga rana. Yana da kyau a shaida wa likita inda aka kamo ta, da tsawon zamanta a tsare, da abin da take ci, da duk wani magani da aka riga aka sa mata.

Riga-kafi

Keji na raga ya fi kwali ko bokiti ko akwatin gilashi, kuma tsayinsa ya fi faɗinsa muhimmanci. Abinci ya zama iri-iri: fara da gyare da ƙananan ƙwari masu rai daga wurin da ba a yi feshi ba, waɗanda girmansu bai wuce faɗin kanta ba. Ciyar da ƙwarin da ganyen zogale ko karas ko kabewa kwana ɗaya kafin a ba ta yana ƙara musu amfani. Da dare kuma a bar ta cikin duhu ta yi barci.

Camfi da lafiyar mai jinya

Tsoron hawainiya ya daɗe a ƙasar Hausa, har sunanta ya shiga harshe: ana yi wa mai saɓa alkawari kirari da rikiɗarta, ana kuma jan kunne da cewa hawainiyar wane ta kiyayi ramar wane. Amma babu nau'in hawainiyar da ke da dafi. Idan ta hura jiki ta buɗe baki tana huci, tsoro ne ya kama ta. Haɗarin gaske shi ne ƙwayar cutar Salmonella da dabbobi masu jan ciki kan ɗauka a hanjinsu, wadda ke jawo gudawa da zazzaɓi. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta ko kejinta wajibi ne, kuma a nisanta ta daga madafa da yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Doka da makomar dabbar

Tun 1977 hawainiyoyin jinsin Chamaeleo ke cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Ma'ana, fitar da su waje yana buƙatar takardar izini. Najeriya na cikin yarjejeniyar, kuma ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar barazana a 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. A baya, hawainiyar Senegal ta kasance daga cikin waɗanda aka fi fitarwa daga Togo da Benin da Ghana zuwa kasuwannin Turai da Amurka, ban da busassun da ake sayarwa a rumfunan magungunan gargajiya.

Hawainiyar da aka kamo daga daji ba ta cika jure tsarewa ba, ko da a hannun ƙwararru. Don haka idan ta warke, idanunta biyu suka buɗe, ta koma kama fara da harshenta ba tare da kuskure ba, abin da ya fi shi ne a mayar da ita kusa da inda aka same ta, a ɗora ta kan bishiya mai ganye da sanyin safiya, nesa da hanya da gonar da aka yi wa feshi. A can za ta ci gaba da rage wa manomi ƙwarin da ke cin amfanin gonarsa, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.