Daga Kwabo 50 Zuwa Rancen Ɗalibai

Tun da 'ya'yana suka fara shiga jami'a nake bin diddigin yadda nauyin karatu ya komo wuyan iyaye.

A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. A 1978 aka ƙara kwabo 50 kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, sai bore ya tashi, ɗalibai suna neman a tsige Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali. Har rayuka aka rasa a Legas da Zariya. Gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin abincin ɗungurungum, sannan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, alawus ɗin sikolashif na jiha ya koma bai taka kara ya karya ba.

Kuɗin koyarwa bai dawo da sunansa ba, amma rajista da masauki da abinci duk mu ke biya. A 2024 asusun NELFUND ya fara bai wa ɗalibai rance marar ruwa, amma rance bashi ne, sai an biya. Shawarata ga wanda ɗansa ke sakandare ita ce ya fara tanadi yanzu. Tun ran gini, ran zane.