Tarihin Gwaje-gwajen Ɓallewar Jinga: Matsalar Cin Ƙarƙashi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tambaya guda wadda masana suka shafe fiye da shekara 100 suna kai da kawowa a kanta cikin ɗakunan gwaji, watau me ke sa jinga ta ɓalle alhali ruwa bai kai bakinta ba. Abin da muke nufi da jinga a nan shi ne tudun ƙasa da akan tara a gefen kogi ko teku don a tsare gari da gonaki daga ambaliya. Sanin kowa ne jinga takan karye idan ruwa ya hau kanta ya zaizaye bayanta, kuma galibi haka aka yi a ƙasar Holan daren 31 ga Janairu, 1953, inda mutum 1,836 suka halaka. Wannan hanya ba ta bukatar dogon bayani. Wadda ta fi ɗaure kai ita ce ta biyu, inda ruwa ke ratsa yashin da jingar ke zaune a kai, ya ɓullo ta bayanta kamar idon ruwa, yana fitar da yashi kaɗan-kaɗan, har ya haƙa wata siririyar hanya da ke ci da baya zuwa wajen kogi. Ranar da hanyar ta sadu da kogi sai ta buɗe, jinga ta rufta. Za mu kira wannan cin ƙarƙashi.

Daga Bututun Darcy zuwa Ƙa'idar Bligh

Tushen binciken ba a kan jinga aka kafa shi ba. A shekara ta 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, wanda ya yi wa birnin Dijon aikin ruwan sha, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da bututu cike da yashi. Ya nuna cewa yawan ruwan da ke ratsa yashi ya danganta da irin yashin, da kuma bambancin tsayin ruwa a gefe biyu idan an raba shi da tsawon tafiyar. Duk abin da za mu ambata nan gaba a kan wannan yake tsaye.

A Indiya ta zamanin mulkin Ingilishi ne aka fara ɗora wannan sani a kan gine-ginen ruwa, kuma asara ce ta tilasta haka. Madatsar Khanki a kan kogin Chenab, wadda yanzu ke cikin Pakistan, ta lalace a 1895, ta Narora kuma a kan kogin Ganges a 1898, dukkansu ginannu a kan yashi. Kanar Clibborn ya yi gwaje-gwaje a kwalejin injiniyoyi ta Roorkee da dogon bututu cike da yashi, yana auna yadda ƙarfin ruwa ke raguwa a tsawonsa. Sa'an nan a 1910 W. G. Bligh ya fito da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: tsawon hanyar da ruwa zai bi ƙarƙashin gini lalle ya ninka tsayin ruwan da aka tare sau kaza, gwargwadon laushin yashin. Yashi mai gautsi yana bukatar ninki 12, mai laushi ƙwarai kuwa ninki 18. Alal misali, in ruwa ya hau mita 4 a kan yashi mai laushi, faɗin gindin zai kai mita 72 ke nan. Bligh bai tsamo waɗannan alƙaluma daga ɗakin gwaji ba. Ya tsamo su ne daga lura da gine-ginen da suka tsaya da waɗanda suka faɗi. Duk da haka aka ari ƙa'idar aka kai ta kan jingar koguna, Holan ma ta yi aiki da ita shekaru masu yawa.

Saɓani Tsakanin Akwati da Kogi

A nan ne Karl Terzaghi, mutumin Ostiriya, ya shigo. Bayan Yaƙin Duniya na Farko yana koyarwa a Kwalejin Robert ta Istambul, ba shi da kuɗin kayan aiki, har da akwatunan sigari ya haɗa wasu na'urorinsa. A 1922 ya buga abin da ya gano game da yashin da ruwa ke ratsawa daga ƙasa zuwa sama: yashin yakan tashi ya tafasa kamar kunu idan bambancin tsayin ruwa ya kusa daidai da kaurin yashin, watau ɗaya bisa ɗaya. Shi ne kuma ya tsara maganin da har yanzu ake amfani da shi, na shimfiɗa tsakuwa daki-daki a mafitar ruwa, ta bar ruwa ya wuce ta riƙe yashi.

To, ga saɓanin. Akwatin Terzaghi ya ce haɗari yana wajen ɗaya bisa ɗaya, alhali gine-ginen Indiya sun ce yana iya zuwa tun ɗaya bisa 18. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abubuwa biyu dabam suke aunawa, kuma Terzaghi kansa ya bambanta su. Tafasar yashi abu ne na wuri guda, mai sauƙin lissafi. Cin ƙarƙashi kuwa tafiya ce, domin da zarar 'yar hanya ta samu, ruwan da ke kewaye duk sai ya tattaru a bakinta, ƙarfinsa a wannan ɗan wuri ya ninka na sauran. A ganinmu wannan saɓani shi ne ginshiƙin tarihin duka.

Gwaje-gwajen Holan

Holan ta san cin ƙarƙashi tun da daɗewa, don shi ya karya jingar Zalk a kan kogin IJssel a 1926. Daga wajen ƙarshen shekarun 1970 masu bincike na birnin Delft suka shiga gwaji da akwatuna masu murfin roba mai garai-garai, wanda ke tsayawa a madadin yumɓun jinga, ta yadda mutum zai iya kallon hanyar tana ci da baya da idonsa. Abin da suka gani bai yi kama da ramin gafiya ba, kamar yadda aka zata. Hanyoyi ne marasa zurfi, masu karkacewa da rassa, na 'yan milimita. Sun kuma ga cewa hanya takan yi nisa ta tsaya cik, ba ta ci gaba sai an ƙara ruwa, har a kai wani tsayi wanda daga shi ba ta ƙara tsayawa. J. B. Sellmeijer ya mayar da wannan lissafi a kundin digirinsa na 1988.

Amma akwati yana da aibi wanda ba a iya kauce masa. Ana iya rage jinga sau 50, ba a iya rage ƙwayar yashi sau 50, domin in an yi haka ta zama ƙura mai wani hali dabam. Gwaje-gwajen sun nuna cewa ƙaramin samfuri ya fi babba juriya idan an kwatanta da girmansa, watau yana ruɗin mai gwaji ta ɓangaren da ya fi haɗari. Wata dabarar rage wannan matsala ita ce na'urar majaujawa, wadda ke juya samfuri da sauri har nauyinsa ya ninka. Da ita aka bincika katangun magudanan New Orleans a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005, aka ga yadda katanga ke jirkicewa, tsaga ta buɗe tsakaninta da ƙasa, ruwa ya cika tsagar ya ture ginin tun bai kai samansa ba.

Mutanen Holan kuwa sai suka zaɓi hanya mai tsada. Ambaliyar 1995, wadda ta sa aka kwashe mutum wajen 250,000 daga yankin koguna, ta nuna musu ɓuɓɓugar yashi a bayan jingogi da dama. A 2009, a wani fili na lardin Groningen da ake kira IJkdijk, suka gina jinga mai tsayin mita 3.5 a kan yashi, da faɗin gindi mita 15, suka riƙa ƙara ruwa mataki-mataki kwana da kwanaki har ta rufta da gangan. Sakamakon ya sa aka gyara lissafin Sellmeijer a 2011, aka kuma tabbatar cewa ƙa'idar Bligh ba koyaushe take da aminci ba, daga bisani aka cire ta daga ma'aunin jingogin ƙasar. Jingogi da yawa da ake ganin lafiyarsu lau suka koma cikin jerin masu bukatar gyara, ba tare da an taɓa ko ƙwayar ƙasarsu ba.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Binciken Vera van Beek, wanda ta kammala a 2015, ya nuna cewa idan ruwa yana fita ta rami guda a cikin yumɓu, maimakon ta doguwar tsaga, cin ƙarƙashi yana iya kaiwa ƙarshe da kusan rabin tsayin ruwan da lissafi ya faɗa. A ɗaya ɓangaren, gwajin da aka yi a Hedwigepolder a 2021 ya nuna yashin bakin teku mai gauraye da laka ya fi lissafi juriya.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu, mu da muka ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 da ta Alau a watan Satumba na 2024. Ba muna cewa cin ƙarƙashi ne ya karya su ba. Abin da muke cewa shi ne alƙaluman da ke cikin littattafai an auna su ne da yashin Chenab da na Rhine, kuma yashin Haɗeja ko na Gulbin Rima ba dole ba ne ya bi su. Akwai dai abu guda da gwaje-gwajen suka tabbatar wanda mai gadin jinga zai iya aiki da shi ko'ina: ɓuɓɓuga mai fitar da ruwa garau ba ta cin jinga tukuna, mai fitar da yashi ita ce ke ci. Ba a toshe ta, don ruwan zai nemi wata mafita. Akan kewaye ta da buhunan yashi, ruwa ya taru a ciki ya danne ta, har yashi ya daina fita.