Ɗan Littafin Da Ya Kori Cutar Hanta Daga Ayislan

A wannan makon za mu leƙa tarihin wata cuta mai zama shiru a hanta, da yadda wata ƙasa ta yaƙe ta da rubutu tun kafin a san gwajin jini.

Muna magana ne a kan jakar ruwa da ke tsirowa a hanta. Akwai wadda ake haihuwar mutum da ita, galibi ba ta cutarwa. Amma akwai wadda wata 'yar tsutsa ke haddasawa, tsayinta bai wuce milimita 7 ba, gidanta kuma hanjin kare. Ƙwayayenta na fita a kashin kare, tunkiya ta ci su a ciyawa, ko mutum ya haɗiye su ta hannu ko ta abinci. Da sun isa hanta sai su zama jaka cike da ruwa, tana girma a hankali shekara da shekaru. In an yanka tunkiyar aka jefa wa kare hantar, an koma gidan jiya.

Tun zamanin Girkawa likita Hippocrates ya siffanta hanta mai cike da ruwa, amma ba a gane mafarin ba. Sai a 1853 wani Bajamushe, Karl von Siebold, ya ciyar da karnuka irin waɗannan jakunkuna, tsutsar kuwa ta bayyana a hanjinsu.

A wancan ƙarni, cutar ta yi katutu a Ayislan, tsibirin makiyayan tumaki da ke arewacin tekun Atlantika, inda mutane ke zama kusa da karnukansu. A 1863 likita Harald Krabbe ya je can daga Denmak, ya binciki karnuka 100, ya samu tsutsar a cikin 28. Ba shi da maganin da zai ba mutane. Abin da ya yi shi ne rubuta ɗan littafi mai sauƙi, aka buga shi a 1864 cikin harshen mutanen ƙasar, aka raba kyauta. Saƙon gajere ne: kada a ba kare kayan cikin dabba, a rage cuɗanya da shi. Mutanen masu karatu ne, suka karanta, suka gane. A 1869 aka sa haraji a kan karnuka, wasu dokoki suka biyo baya. Sannu a hankali cutar ta ɓace daga tsibirin.

Gwajin sinadaran hanta irin su ALT da AST bai shigo asibitoci ba sai cikin shekarun 1950. Ko da ya zo, bai warware komai ba, domin jakar tana ture naman hanta ne gefe, ba ta cika lalata shi ba, don haka sakamako kan fito lafiya lau. Sai in ta danne hanyar madaciya ko ta fashe a cikinta, a nan ALP da GGT ke hawa, wani lokaci idanu su yi rawaya. Na'urar hoton ciki ce ta sa aka fara ganin ta a sarari.

Mu ma abin ya shafe mu. Likitocin dabbobi suna samun jakunkunan nan a huhu da hantar raƙuma da tumaki a mayankanmu, kuma mun san inda ake jefa hantar da ta lalace, musamman a babbar Sallah. Daidai ne a ƙone ta ko a binne ta da zurfi, a kuma wanke hannu.

Wane ne cikinmu zai rubuta wa mahauci da makiyayi wannan bayani cikin Hausar da za su gane? Shafi biyu ya isa. Allah Ya ba mu lafiya.