Muhammadu Magoro

Manjo Janar Muhammadu Magoro mai ritaya, Galadiman Zuru, sojan Najeriya ne da aka haifa a 1941. Ya yi sakandare a Bida, aji ɗaya da Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa, daga nan ya shiga soja.

Ya riƙe ma'aikatar sufuri a mulkin Obasanjo na soja. A gwamnatin Buhari ta soja kuwa shi ne ministan harkokin cikin gida, kuma a hannunsa nauyin fitar da baƙin haure a 1985 ya faɗa, matakin da ya jefa dubban talakawan ƙasashe maƙwabta cikin wahala.

Daga 2011 zuwa 2015 ya wakilci Kebbi ta Kudu, wadda ta haɗa da Zuru, Yauri, Ngaski da Shanga, a Majalisar Dattawa.