Yadda Abu Dhabi ta mallake tseren rufe kaka

Har yau, in aka ambaci 12 ga Disamba 2021 a gaban masoya Formula 1, sai gardama ta ɓarke. Lewis Hamilton da Max Verstappen sun iso Abu Dhabi da maki 369.5 kowannensu, kunnen dokin da ba a gani ba a tseren ƙarshe tun 1974. Mafi yawan masu musu suna tsayawa ne a kan zagaye ɗaya tak. Ni kuwa ina ganin sai an koma baya an tambayi yadda aka yi tseren rufe kaka ya tare a tsibirin Yas na Abu Dhabi.

A farkon gasar, tseren ƙarshe ba shi da gida. A 1950 a Monza ta Italiya aka rufe, inda Giuseppe Farina ya zama zakaran duniya na farko. Daga nan aka yi ta yawo da shi. Har Afirka ya zo: a 1958 a Kasablanka ta Maroko Mike Hawthorn ya ɗauki kambu da tazarar maki ɗaya a kan Stirling Moss, a 1962 kuma aka rufe a Afirka ta Kudu. A 1976 a Fuji ta Japan, Niki Lauda, wanda bai daɗe da tsira daga ƙonewa a Jamus ba, ya ajiye motarsa saboda ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, James Hunt ya zo na uku ya ci kambu da maki ɗaya.

Adelaide ta Ostireliya ta riƙe wannan matsayi daga 1985 zuwa 1995. Can tayar Nigel Mansell ta fashe a 1986, can kuma Michael Schumacher da Damon Hill suka yi karo a 1994. Amma filin da ya fi cancanta a wurina shi ne Interlagos na Sao Paulo ta Brazil. Tsohon fili ne mai hawa da gangara, kuma ruwa yana sauka a kansa ba sallama. A 2008 Felipe Massa ya ci tseren rufe kaka a can a gaban mutanen ƙasarsa, iyalinsa har sun fara murna, sai Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ya zo na biyar, ya ƙwace kambun da maki ɗaya. Babu wanda ya tsara wannan. Ruwa da taya da zuciyar direba ne suka yi hukunci.

Shekara guda bayan haka Yas Marina ta buɗe. Hermann Tilke ne ya zana filin, a kan tsibirin da Abu Dhabi ke mayarwa wurin yawon buɗe ido, kuma tun 2005 kamfanin zuba jari na masarautar, Mubadala, ya sayi kashi 5 cikin ɗari na Ferrari. Yas Marina ta rufe kakar 2009 da ta 2010, Brazil ta karɓa daga 2011 zuwa 2013, sannan daga 2014 Abu Dhabi ta riƙe ba ta sake saki ba.

Wasu na cewa yanayi ne dalili, tunda a ƙarshen Nuwamba sanyi ya rufe Turai. Gaskiya ne, amma Sao Paulo ma ba ta cikin hunturu a lokacin. Wasu kuma na cewa sa'ar ce ta dace da masu kallon talabijin a Turai, domin ana fara tseren da yamma a gama ƙarƙashin fitilu. Wannan ma da ƙanshin gaskiya, sai dai tseren Brazil da maraice yake faɗowa a Turai, lokacin da kowa ke gida. Wanda zai ce kyawun filin ne kuwa, ya tuna 2010: direbobi huɗu suka zo da damar kambu, Fernando Alonso ya maƙale a bayan Vitaly Petrov har aka tashi, ya kasa wucewa, Sebastian Vettel ya tafi da kambun. Masu filin da kansu sun gyara kwanoninsa a 2021 don a samu damar wuce juna. Abin da ya rage shi ne kuɗi. Masu shirya tsere suna biyan Formula 1 kafin a kawo musu gasa, kuma masarauta mai arzikin mai tana iya biyan abin da tsoffin filaye ba su iyawa. Bernie Ecclestone, wanda ya riƙe kasuwancin gasar har zuwa 2017, bai taɓa ɓoye cewa mai hannu da shuni yake bi ba.

Wanda ya sayi tseren ƙarshe kuwa yana son a zo masa da kambu a hannu ba a riga an raba ba. A 2014 aka ninka makin tseren Abu Dhabi sau biyu don kada gasar ta mutu da wuri. Masoya suka yi ca, aka soke dokar bayan kaka ɗaya. Ina ganin wannan tunani ne, na cewa dole a rufe da abin kallo, ya sake ɓullowa a 2021. Nicholas Latifi ya yi haɗari saura zagaye kaɗan, motar kiyaye haɗari ta fito, Verstappen ya sauya sababbin tayoyi, Hamilton da ke gaba bai sauya ba. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar kawai da ke tsakaninsu su wuce, bai bar sauran ba, ya kuma janye motar kiyaye haɗarin da wuri don a samu zagaye ɗaya na tsere. Verstappen ya wuce. Shi bai yi laifi ba, damar da aka ba shi ya yi amfani da ita.

A Fabrairun 2022 hukumar FIA mai kula da gasar ta cire Masi daga muƙaminsa, rahotonta na Maris ya kira abin kuskuren ɗan Adam, sakamakon kuma ya tsaya yadda yake. Kwanaki kaɗan kafin wancan tseren na 2021 ne aka sanar da sabuwar yarjejeniyar da za ta ajiye gasar a Yas Marina har zuwa 2030.