Babur Mai Mutuwa in An Tsaya: Tarihin Kanikanci a Ƙasar Bagudo

A ƙasar Bagudo da ke bakin iyakar Najeriya da Benin, daga Ka'oje zuwa Illo, Lolo da Tsamiya, har ƙauyuka irin Sharabi, akwai ƙorafin da kanikawan babur suka gaji da ji: mashin yana gudu lafiya lau a kan hanya, amma da an sassauta totur za a tsaya, sai ya mutu. Masu babur kan ɗora laifin a kan injin ko bakanike. Tarihin sana'ar kuwa ya nuna cewa injuna sun sauya sau da dama cikin shekara hamsin, amma cutar na nan daram, domin tushenta na cikin man da ake zubawa da ƙurar hanya.

Babura sun yawaita a Arewa bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ma'aikata suka shiga sayen Honda, Suzuki, Yamaha da Vespa. Da darajar naira ta karye daga 1986, mota ta fi ƙarfin talaka, babur ya koma abin neman abinci: kabu-kabu a Najeriya, zemijan a Jamhuriyar Benin. Daga baya Jincheng ya shigo daga ƙasar Sin, Bajaj ya biyo baya daga Indiya. Yawancin tsofaffin injunan suna ƙona baƙin mai tare da fetur, saboda haka fulogi kan yi baƙi, bakanike kuma ya fara da kwance shi ya kankare. Bajaj kuwa yana da bawul, wanda in ya matse injin kan mutu bayan ya ɗauki zafi, sai masu gyara su saita shi. Kafireta kuwa ta ratsa duk zamunnan nan.

A cikinta maganar take. In babur na gudu, mai na bi ta babbar ƙofa ne. In an saki totur, sai wata 'yar ƙofa mai kamar kafar allura ta karɓi aikin ciyar da injin, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa ya isa ya toshe ta. Shi ya sa gogaggen bakanike kan sassauta ƙusar da ke gindin kafireta, ya tari man a tafin hannu, ya duba ko ruwa ya dunƙule a ƙarƙashinsa, ko jar tsatsar tanki ta fito. Daga ina dattin yake zuwa? Shekaru da dama tallafin mai ya sa fetur ya fi araha a Najeriya, aka riƙa tsallakar da shi Benin, inda ake sayar da shi cikin kwalabe da sunan kpayo. Jarka da mazurari suka zama gidan man bakin iyaka. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, a Nuwambar shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai mazauna yankin suka ƙara dogara da 'yan bumburutu. Da aka cire tallafin a Mayun 2023, tsada ta sa mutane sayen lita ɗaya ko rabi, tanki na zama kusan wayam, injin na zuƙar laka daga gindinsa.

Wani zai ce baburan yanzu ne ba su da ƙarko irin na Japan. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman a jabun kayan gyara, amma tsohon Suzuki ma mutuwa yake in ya sha gurɓataccen mai, kuma sabon Bajaj kan daina mutuwar da zarar an wanke masa kafireta da matacin iska. Wani kuma zai ce kanikawan lalube suke, tunda wasu kan murɗa ƙusar saiti kawai, injin ya riƙa kuka da ƙarfi, mai babur ya tafi yana murna alhali mai yake ƙonawa. Wannan ma yana faruwa, sai dai aikin rago ne, ba koyarwar sana'ar ba. Wanda ya daɗe gaban maigidansa ya san jerin bincike: mai, matacin iskar da ƙurar hunturu ta cushe, fulogi, wayar kuloci, sannan bawul. Daga mai sauƙi ake farawa, domin aljihun manomin da ya ɗauko shinkafa daga fadama ba ya jure gwaji.

Saboda haka gyaran dindindin ba a hannun bakanike kaɗai yake ba. Muddin mutumin bakin iyaka ba ya samun tsaftataccen mai kusa da gida, za a yi ta wanke kafireta ana dawowa. Kafin nan, abin da ke hannun mai babur shi ne ya tace man jarka da ƙyalle mai tsafta, ya kuma daina barin tanki ya bushe.