La'adar Gidan Karta: Mai Ci Ba Ya Wasa

Kartar poker ta bunƙasa a Amurka cikin ƙarni na 19, daga birnin New Orleans zuwa jiragen ruwan kogin Mississippi. A wannan wasa 'yan caca junansu suke ci, mai gida ba ya zuba ko sisi. Shi nasa la'ada ce: kowane zagaye yana zarar wani kaso daga kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur.

Da jihar Nevada ta halatta caca a 1931, la'adar nan ta samu gindin zama a doka. A 1998 shafin Planet Poker ya kai wasan intanet, yana cire kashi 5 cikin 100, iyakarsa dala 3.

Mu yi lissafi. Mutum shida, kowa da dala 100, zagaye 30 a awa, ana cire dala 3 kowane zagaye: dala 90 ke nan a awa. In gwanintarsu ɗaya, kafin awa bakwai kusan komai ya koma aljihun mai gida. Gwani ma ba ya ganin riba sai fifikonsa ya zarce la'ada.

Mu marubuta, in za mu saka ɗan caca a labari, kada mu manta da wanda ke kwashe kuɗin a gefen tebur.